Guda Ukun da Ba na Suri Ba

Har yau idan ruwan farko ya sauka a Bauchi, ƙasa ta tashi da ƙamshinta, naman kaza nake tunawa, wannan mai tsirowa da damina. Na fi son shi da naman rago, kowa a gidana ya san haka. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa ba, kuma wadda ya kamata ta ji ta riga mu gidan gaskiya.

Iya, mahaifiyar Babanmu, ita ce gwanar naman kaza a layinmu na Gwallaga. Mata kan kawo nasu a faranti ta duba. Ta shinshina, ta murza gindin, ta ce wannan a ci, wannan a zubar inda akuya ba za ta kai baki ba. Dokarta ɗaya ce: sai wanda ya tsiro a jikin suri, gidan gara. Da sassafe take tafiya gonakin bayan Yelwa, lokacin ɗakunan haya ba su cinye wajen ba, ina biye da kwando. Ni ne jikanta na fari, Maigida take ce mini.

Ba ta sa masa wuƙa. Da hannu take yaga shi, ta soya da albasa da daddawa har ya yi ja, ta juye cikin miyar gyaɗa, a ci da tuwon masara. Manyan kuwa kan garwashi take ɗora su, ta barbaɗa gishiri da garin ƙuli-ƙuli. Waɗannan ne nawa, kuma a kansu hannuna ya sha ludayi ba sau ɗaya ba.

Sai dai ba mai ci sai ta ci. Bayan magariba za ta sauke tukunya, ta shanye ludayi guda, ta rufe, ta zauna gaban murhu. "Ku matso, baƙuwa ta iso," haka take buɗe tatsuniya. Sai ta kai ƙarshe ake zuba mana. Mun ɗauka jan rai ne irin na tsofaffi. Ashe jira take ta ji abin da cikinta zai ce kafin ya shiga namu.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wata mata da yunwa ta kama da 'ya'ya uku. Ta je ta durƙusa gaban suri tana kuka. Gara ta tausaya mata, ta ce kullum za ta fito mata da abinci, da sharaɗin kada ta haɗa shi da na kowa. Ran nan matar ta ga wani naman kaza a gindin itace, ya fi fari, ya fi kyau, ta tsinka ta haɗa. Ta dafa, ta zauna tana kallo yaran suka ci. Nan take suka zama kurciyoyi suka tashi. Iya takan tsaya a nan ta tura itace cikin wuta, ta ce, "Har yanzu tana yawo tana kiran su." Mu dai idonmu na kan tukunya.

Ina shekara tara idon Iya ya fara hazo. Wata safiya na ga guda uku a jikin ruɓaɓɓen kututture, farare tas, kamar na suri. Kwandon bai cika ba, ni kuma ina son ta yabe ni, sai na tsinke su na tura ƙasan kwandon ban faɗa mata ba. Ranar ana suna a maƙwabta, ba ta dawo ba sai da rana ta faɗi, ta yayyaga su a gurguje.

Ta sha ludayinta, ta fara tatsuniyar matar nan. Sau nawa na ji ta, amma ranar ce ta fara shiga kunnena. Da ta kai inda matar ta haɗa, na dubi tukunya, na dubi ƙannena biyu da kwanoninsu a hannu. Magana ta zo bakina, na tuna bulalar Baba, na haɗiye ta.

Ba ta kai ga kurciyoyi ba. Gumi ya keto mata, ta dafe ciki. "Kada wanda ya taɓa tukunyar nan," ta ce a hankali. Sai amai. Mama ta ɗura mata manja, Baba ya fita da gudu neman tasi. Kwananta huɗu a asibiti.

Da ta dawo, Baba ya durƙusa gabanta. "Iya, don Allah ki haƙura da naman kazan nan. Idon ya gaji."

Ta ce, "To, idon ne."

Labari ya zaga layi. Mata suka daina kawo faranti. Ba ta sake zuwa Yelwa ba, ba ta sake yin wannan tatsuniyar ba. Wata rana ina shafa mata man zafi a ƙafa, ta ce, "Maigida, ranar nan ba ka roƙi ɗanɗane ba. Kai da sai an kore ka daga bakin murhu." Na sunkuyar da kai na ci gaba da shafawa. Ta jira ni, na san ta jira ni. Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta rasu.

Yanzu na san gwajin Iya ba kariya ba ne, wani dafin sai ya kwana yake nuna kansa. Allah ne ya tsare mu. Tsinkowar ba ta dame ni sosai ba, yaro ne ya yi kuskure. Zaman nan gaban wuta da baki a rufe, da barin ta ɗauki laifina a idonta, su ne suka ƙi barina.

Ina sayen naman kaza na leda a kanti, wanda aka noma, in gasa da ƙuli-ƙuli, kuma ni nake fara ci. Matata dariya take mini. Daminar bara na yi wa yara tatsuniyar Iya muna jiran ya huce. Da na zo inda matar ta zauna tana kallo, ƙaramar 'yata ta katse ni.

"Baba, ai ta san ta haɗa. Me ya sa ba ta ce kada su ci ba?"

Na jawo farantin gabana, na taɓa na ji ko ya huce. Tana nan tana kallona, tana jira.