Masu tambayar Yaya Idrisu

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Idrisu, amma har yau ana yi masa tambaya.

Gyaran waya yake yi a ƙauyenmu na ƙasar Sudan, kusa da Abu Na'ama, in ya taso daga gona. Yakan ɗauki bidiyo ya sa a intanet: yadda ake gane batiri na jabu, wace caja ke jure zafin garin Sinja. Fuskarsa ba ta fitowa, sai hannuwansa a kan tabarma, da ƙarar injin ban ruwa a baya, da Hausarsa mai gauraye da Larabci.

Da zan yi binciken kammala jami'a, na zaɓi irin waɗannan bidiyoyi, har da nasa. Malamina ya kafa mini ƙa'ida: in kalla, in karanta sharhin masu kallo, in rarraba shi gida-gida, amma kada in sa baki, kada in faɗa wa masu bidiyon abin da na gano, don kada su sauya halinsu. Ni da ma ba mai magana ba ne, sai ƙa'idar ta yi mini daidai.

Yaya yakan tsokane ni da "ya zol", wato "kai mutum" a Larabcin Sudan: "Kai ya zol, ɗan leƙen asiri, me ka gano a kaina?" In ce sai na gama. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin in gama.

Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fita ba. Babu wanda ya san lambar sirrin shafinsa. Ba ma iya rufewa, ba ma iya amsawa da sunansa. Binciken ya daɗe da wucewa, ni kuwa ban daina leƙawa ba. Wayoyin da ya yi bayani a kansu sun zama tsohon yayi. Da yana nan da ya yi wa na yanzu dariya, waɗanda ba a cire musu batiri. Duk da haka wani daga garin Damazin ya rubuta bana: "Malam, ka yi shiru, lafiya?"

Na daɗe ina duban tambayar. Ba ta da gida a rabe-rabena. Inna ta ce amsa wa mai tambaya sadaka ce, ko ba kai aka tambaya ba.

Na rubuta masa: "Ya rasu. Ni ƙanensa ne. Ko wani abu ne ya sami wayarka?"

Allah Ya jiƙan Yaya. Abin da na gano a kansa, wanda ban faɗa masa ba, shi ne bai taɓa barin tambaya babu amsa ba.