Saƙon Icirnawa da Ya Sauka a Dawce

Kawu Iliyasu mai gyaran talho ne, wato wayar hannu, a bakin tashar Matameye. Bai wuce aji shida ba, amma ya koya wa kansa harshen Python, na ba kwamfuta umarni, a wani tsohon ordinater da ya saya hannun wani direba. Da ƙungiyar manoma ta nemi wanda zai riƙa tura hasashen ruwan sama zuwa wayoyin mutanen ƙauyuka, shi ya ɗaga hannu. Ba a biyansa. Abin da yake so kawai shi ne a ce saƙon Iliyasu ba ya ƙarya.

Na'urar ƙungiyar ba ta ɗauki Python ba, sai ya sake rubuta aikin da harshen Bash. Yana da ɗabi'a ɗaya: a cikin rubutun, duk mazubin da zai riƙe sunan wuri, “gari” yake kiransa, ko'ina.

Farkon damina aka yi hasashen ruwa mai ƙarfi a Icirnawa. Saƙon ya sauka a wayoyin mutanen Dawce. Suka fita da iri suka yi binne, suna jiran ruwa. Yayyafi kawai aka yi, hatsin ya tsiro, rana ta ƙone shi.

Ina hutu daga jami'ar Damagaram lokacin, sai na leƙa rumfar Kawu. Ya juyo mini da allon, idanunsa ja.

“Malama, duba mini. Ga shi can sama na rubuta Icirnawa da hannuna. Ko aljani ne?”

Na daɗe ina karantawa kafin na gano matsalar.

“Kawu, a Python, in sashen aikawa ya ga ‘gari’, wurin da aka rubuta shi yake dubawa. A nan kuwa wanda ya kira shi yake tambaya. Sashen da ke tattara lambobin waya shi ya kira shi, kuma nasa ‘garin’ yana riƙe da Dawce.”

“To ni da na rubuta shi fa? Ba ni da ta cewa?”

“A wannan harshen, mai kira ke da ita.”

Ya jawo allon gabansa. Sauya suna ɗaya ya gyara komai, ko shayinsa bai huce ba.

Ran kasuwa Alhaji Zainulabidin na Dawce ya tsaya a rumfar, irin da ya ajiye tun bara duk ya tafi. Kawu ya miƙe ya fara bayanin mazubi da mai kira.

“Iliyasu, ni gero na shuka, ba bayani ba,” in ji Alhaji. Ya miƙa masa talhonsa. “Toshe mini lambar nan taku. Ni ban iya ba.”

Kawu ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ya karɓi talhon, ya toshe lambar, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya mayar masa da hannu biyu. Bayan Alhaji akwai mutum uku a tsaye, kowa da tasa wayar a hannu.