Ƙofar da Nafisa ta Ɗora a Sama

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar gasar ɗaliban ajin ƙarshe ba, a cibiyar koyon kwamfuta ta nan Daura inda na tsufa ina girki. Ku sababbin zuwa, ku saurara.

Shugaban cibiyar ya ce a rubuta wa kwamfuta umarnin da zai sa ta riƙa faɗa mini abincin da ya dace da kowa. Wanda ya ci, shi za a tura Kano ƙaro ilimi. Ya rage saura Bashir ɗan Zango da Nafisa 'yar Mai'adua.

Bashir ya bi hanyar "in kaza ne, in ba haka ba", sharaɗi cikin sharaɗi kamar ƙwarya cikin ƙwarya. Na ce, "Maigidana, wannan tuƙa fa?"

Ya ce, "Inna, ke dai tsaya wajen murhunki."

Nafisa kuwa ƙofofi ta jera daga sama zuwa ƙasa, kowace da sharaɗinta. Kwamfuta ta dubi mutum, ƙofar farko da ta dace da shi nan zai shiga. Akwai ta "duk wanda ya rage", wato ƙofar kowa, mai tuwon shinkafa.

Aka gwada na Bashir, ya tafi daidai. Aka zo na Nafisa, aka sa sunan Malam Idi mai ciwon suga, sai ga tuwon shinkafa! Kowa aka sa, tuwon shinkafa. Malam Idi ya ce, "Yarinya, me na yi miki?" Aji ya kwashe da dariya.

Nafisa ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ƙofar kowa na ɗora a sama, ta haɗiye sauran." Ta mayar da ita can ƙasa. Malam Idi ya samu faten wakensa.

Sai Shugaba ya ce, "To, ga baƙo, malami ne, gyaɗa ba ta karɓarsa. Ku ƙara shi." Nafisa ta sa ƙofa ɗaya a sama ta naɗe hannu. Bashir na can yana buɗe ƙorensa yana gumi, ya gyara nan, can ya ɓaci. Daga ƙarshe ya ɗago ya ce, "Ta ci."

Wayyo daɗi! Na rangaɗa guɗa da ludayi a hannu, har maigadi ya shigo a guje.

Abin da na gane da masu wannan sana'a, ba a auna su da rashin kuskure, sai da saurin gano inda yake. Yau Nafisa ce ke koyar da ajin nan, kuma ni nake zuba mata abinci da hannuna.