Gawon da Isha'aku Ya Kaɗe wa Ganye

Duk wanda ya taɓa neman mai surfani a unguwar Sharafiyya ta birnin Jidda ya san shagon Isha'aku. Shagon ɗan lungu ne tsakanin mai sayar da wayoyi da wani mai gasa gurasa, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje. Shekara talatin da huɗu ke nan yana duƙe a kan kekensa a wurin, har kafilinsa na farko, Balaraben da ya tsaya masa ya zauna a ƙasar, ya rasu ɗansa ya gaje shi. Babu irin tambarin da bai ɗinka ba: na 'yan ƙwallon unguwa, na makarantu, na kamfanonin da ke jigilar alhazai. Gajere ne, mai sanƙo, ga surutu kamar rediyo. In ya gama aiki sai ya ɗaga shi sama ya ce, "Halas! An gama! A nemo wanda zai yi irinsa." Kuma gaskiyarsa, ba a cika samu ba.

Abu ɗaya ne bai taɓa ɗinkawa ba, wato wani abu na garinsu. Shi ɗan Kwarin Zomo ne, wani ƙauye can yankin Maraɗi, wanda yanzu ya zama cibiyar ƙaramar hukuma har da magajin gari. Sau uku kacal ya je gida tun fitowarsa, kuma duk da rani, lokacin da aiki ya yi sauƙi.

Ran nan sai ga saƙon murya daga magajin garin. An gama ginin sabon ofis, za a buɗe shi, amma ba su da tuta ba su da tambari. Majalisa ta zauna ta ce a sa abu uku: gawon bakin rijiya, hatsi a gona, da guga. Sun ji labarin ɗansu na Jidda, shin zai yi musu?

Zai yi musu? Wayyo! Isha'aku ya saurari saƙon nan ya fi sau goma, ya kunna wa mai gurasa wanda ko kalmar Hausa ɗaya ba ya ji. Ya koma gida ya ce wa matarsa Turai, "Yau garinmu ya tuna da ni."

Turai haifaffiyar Jidda ce, jikar alhazan da suka zo suka zauna, ba ta taɓa ganin gawo da idonta ba. Ta kira shi da sunan 'yarsu irin na Larabawa, ta ce, "To Abu Hind, sai ka nuna musu ba zaman banza ka yi ba."

Sati uku ya yi a kan tutar. Ya zaɓi farin yadi mai kauri, ya ninka shi biyu don tambarin ya fito ta kowane gefe. Ya yi hatsi kore shar, zangarniya ta fara fitowa. Ya yi guga da igiyarta. Gawon kuwa nan ya zuba duk gwanintarsa: ganye cunkus, koren zare kala huɗu, yadda yake tuna inuwarsa in ya je gida. 'Yan Nijar da ke unguwar Sa'alaba suka yi ta zuwa kallo, kowa na cewa ma sha Allah.

Wadda za ta kai tutar gida ita ce yayarsa Aissa, da ta zo umara. Ita ta goye shi yana jariri, kuma har yau, tana da shekara saba'in, ita ke noma gonar ubansu. Saura kwana biyu jirginsu ya tashi Isha'aku ya kawo ta shago, ya zaunar da ita a kujera, ya warware tutar a gabanta yana washe baki.

Aissa ta duba. Ta matso da fuska ta sake dubawa. Sai ta kama haɓa.

"Shaku, wannan wane itace ne?"

"Haba Yaya! Gawon bakin rijiya mana."

"Wannan kuma a ƙasansa?"

"Hatsi."

"Ɗanye?"

"Ɗanye shar, damina ce ai."

Tsohuwar nan ta tuntsire da dariya har mayafinta ya zame. "La ilaha illallahu! Gawo da ganye a damina? Ɗan Malam Bako ne ya yi wannan? Kai Shaku, shinkafar Larabawa ta cinye maka kai!"

Nan take abin ya faɗo masa. Kowane yaro a Kwarin Zomo ya san gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne. In ruwa ya sauka kowa ya yi kore, shi sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, shi ya sa hatsi ke samun rana ya yi kyau a gindinsa. Sai rani ya shiga, ko'ina ya bushe, sannan ya yi ganye. Isha'aku ya haɗa gawon rani da hatsin damina a tuta ɗaya. Shekara talatin da huɗu bai ga damina a gida ba.

Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa. Ba dariyar da za a yi masa ce ta fi damunsa ba. Abin da ya soke shi shi ne a ɗaga tutar nan a gaban dattawa su ce, "Allah sarki, ya zama baƙo."

Turai, da ta rako su, ta ce, "Ya'ani, a bar shi haka mana, wallahi ya yi kyau. Wa zai lura?"

"Wa zai lura?" in ji Aissa. "Har awaki sai sun lura, 'yar nan."

Isha'aku ya jawo ƙyauren shago rabi, ya ɗauko reza da ɗan tsinke. Warware surfani ya fi yin sa wuya, don in reza ta kuskure ta taɓa yadi, shi ke nan, kuma babu lokacin yin wata. Ganye ɗaya bayan ɗaya, gefe biyu. Ya wuni ranar, ya dawo da asuba ya ci gaba. Masu kawo aiki suka zo ya ce su dawo jibi. Aissa kuwa ta kafa kujera a kansa tana ba da umarni kamar mai duba gona.

"Wannan reshen ya yi miƙe da yawa, na wajen gabas ai ya karkace. Ka manta daga kansa ka faɗo ka fasa goshi?"

"Ban manta ba, Yaya."

"To karkata shi. Ka sa masa ƙaya. Yalla, ba haka kuke cewa ba?"

Da la'asar ɗin rana ta biyu ya cire zaren ƙarshe, ya goge yadin, ya ɗaga. Mai gurasa ya leƙo ya tambaya da Larabci me ya kashe itacen. Turai ma ta yamutsa fuska. Isha'aku dai yayarsa yake kallo, wannan karon babu "halas", babu cika baki.

Aissa ta daɗe tana kallon farin gawon nan tsirara a tsakiyar koren hatsi. Can ta sa gefen mayafi ta share ido. Ta ce, "Ruwa ya sauka a gida."

Bayan sati biyu aka turo masa bidiyo. Ga sabon ofis, ga jama'a, ga tutarsa tana hawa sanda a hankali har iska ta buɗe ta. Aka yi tafi. Wani dattijo mai sanda ya matso, ya kare ido da hannu ya ɗaga kai, ya ce da ƙarfi, "Kai! Har gawon ya kaɗe ganye. Wanda ya yi wannan manomi ne, ba tela ba."

Isha'aku ya yi tsalle a shago kamar yaro. Ya kunna wa Turai, ya kunna wa mai gurasa, ya sake kunna wa kansa. Turai ta ce, "To manomi, sai a amsa yabo."

Ya danna wayar zai yi magana, ya saki. Ya sake dannawa, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe magajin gari, a gaida Baba mai sanda. A ce masa tela ne ya yi ɗinki. Manomiyar tana nan tsaye a bayansa da shuɗin mayafi, sai ya juya ya gode mata."

Ba a jima ba amsa ta shigo. Babu magana a ciki, guɗar matan Kwarin Zomo ce kawai, sai muryar Aissa a can ƙasa tana cewa, "Ku bar ni, ku bar ni! Shaku, bana da damina za ka zo, ka ji ko?"

Ya ce ya ji. Washegari ya je wurin kafilinsa neman hutun watan Agusta.