Kwalbar da Elizabet Ta Kai Gida

Shekara goma sha tara Elizabet tana aiki a ɗakin gwaje-gwajenmu, kuma ban taɓa jin an ce wani abu ya lalace a hannunta ba. Mace ce marar yawan magana, mai tsantsenin da har yakan ba mutum haushi. Ko biro ka ara a wurinta, sai ta bi ka da ido har ka mayar.

Bara Dakta Barira, shugabar bincikenmu, ta samo wata 'yar kwalba daga ƙasar waje, ba ta kai ɗan yatsa ba. Furotin ne a ciki, irin wanda ake sa ƙwayoyin bakteriya su haɗa, asalinsa daga wata halittar teku. In an haska masa shuɗiyar fitila sai ya yi kore shar, da shi za mu gane ko na'urarmu tana auna daidai. Wata bakwai muka yi muna jiransa. Ba ya son zafi, ba ya son haske, shi ya sa ake naɗe shi da takardar alminiyam.

Da firizar ofis ta lalace, wa za a ba ajiya in ba Elizabet ba? Tana da wutar sola a gida. Ta sa kwalbar a cikin kula mai ƙanƙara, ta hau keke zuwa gidanta a Nasarawo.

Bayan kwana biyu mijinta Dennis ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagonsa, bai tashi ba.

Kowa ya san yadda zaman makoki yake. Matan coci suka karɓe gidan, masu girki na girki, masu kunu na damawa. Ana neman inda za a sanyaya wa masu gaisuwa ruwa, sai wata baiwar Allah ta kwashe duk abin da ke cikin firiza. Ta warware kwalbar, ta zaci maganin marigayi ne, ta ɗora a kan taga tare da sauran magungunansa. Ba da mugunta ta yi ba.

Sai a rana ta huɗu Elizabet ta gani. Ta ce mini ba ta ji komai ba, kamar yadda ba ta ji komai ba a maƙabarta.

Ranar da ta dawo aiki muka shiga ɗakin duhu tare, na kunna shuɗiyar fitilar. Kwalbar ta yi kore, kamar ba abin da ya same ta.

Na ce, "Yaya Elizabet, ai da ransa. Ki ja bakinki ki yi shiru kawai."

Ta daɗe tana kallon kwalbar. Ta ce, "Kwana huɗu a rana, bai mutu ba. Dennis ko minti goma bai yi ba."

Daga nan ta wuce ofishin Dakta, ta faɗa mata komai. Dakta ta yi mata gaisuwa, sannan ta ce ba za a dogara da shi ba, a jefar, a sake jiran wata bakwai. Ni dai na ji haushi, ban ɓoye ba.

Elizabet ba ta jefar ba. Kwalbar tana cikin jakarta a naɗe, kusa da tabaran Dennis. Lokaci-lokaci takan ari shuɗiyar fitilar a wurina, ta shiga ɗakin duhu ita kaɗai. Ban taɓa bin ta da ido ba.