Ledar Naman Kaza da Na Kai wa Mama

Shekarun baya kaɗan, ina cikin keke napep daga Sabon Tasha, na karanta a waya cewa masu bincike a ƙasar waje sun ba tsofaffin ɓeraye wani sinadari, sai suka ƙara tsawon kwana. Wai daga wani naman kaza mai sa maye, irin mai tsirowa a ƙasa da damina, ake samun sa, wanda in mutum ya ci sai ya riƙa ganin abin da babu.

Nan take mahaifiyata ta faɗo mini a rai. Lokacin gwiwa ta ƙi, ido ya rage, ni kuwa ina matuƙar tsoron rasa ta.

Ni da ko zogale ban taɓa tsinka ba, washegari da ruwa ya ɗauke na shiga filin bayan Kamazou, inda shanu ke kiwo. Duk abin da na gani mai kama da laima sai da na tuge. Na cika leda na kai mata gida a Narayi, ina ji da kaina kamar likita.

Ta zazzage a faifai, tana ɗauka ɗaya-ɗaya tana shinshinawa.

"Wannan da ka sa mini a miya, da ran Asabar kuna coci da akwatina."

"Wannan fa, Mama?"

"Na kashin shanu ne. A ƙauyenmu wani ya ci, ya wuni yana gaida tukwane."

Na kwashe labarin ɓerayen na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To su ɓerayen, me suka yi da kwanakin da aka ƙara musu?"

Cikin ledar kaf uku kawai ta ware, waɗanda na tuge a kan suri. "Su ake ci. In kwana kake so ka ƙara mini, ka riƙa zuwa da ledarka bayan coci in koya maka. Duk cikinku 'ya'yana ba wanda ya taɓa tambayata."

Damina ɗaya tak muka samu kafin ta rasu, amma ban taɓa sanin ta kamar a waɗannan ranakun Lahadin ba.

Har yau ina bin labarin binciken, ina so in ga inda zai tsaya. Bana wani naman kaza ja-ja ya fito a bayan katangar gidana, irin wanda ban taɓa kai mata ba. Kullum da safe sai na tsuguna na shinshina shi. Ban san ko ana ci ba, kuma babu wanda zan kai wa leda.