Tukunyar Inna a Bangon Falo

Maƙwabciyarmu a Gyaɗi-Gyaɗi, wata nas 'yar Jos, ta iya zane. Ranar da ta nemi aron tukunyar tuwonmu don ta zana, Innarmu ta ce ba da ita za a kai abin kunya maƙwabta ba. Ta dirje ta da toka har tana ɗaukar ido.

Matar na gani ta dafe kai: "Inna, ai baƙin nake so!"

Sai da muka yi wata muna tuwo kafin baƙin ya dawo.

Yau zanen yana falona a Tarauni. In na kalle shi har ƙamshin ƙanzo nake ji. Inna kuwa, duk baƙon da ya ɗaga kai sai ta ce, "Wallahi na wanke ta."